Ya Tafi Gabas Bai Dawo Ba: Yadda Muka Yi Cigiyar Ƙanen Kakanmu

Da wuya ka yini da tsofaffin gidan fatake ba ka ji an ambaci wani da ya tafi bai dawo ba. Wani Gwanja ya nufa sayen goro, wani Ikko, wani kuma soja aka ɗauke shi lokacin yaƙin Hitila aka tsallaka da shi Bama. Amma waɗanda aka fi ambata da ajiyar zuciya su ne mutanen gabas, waɗanda suka ɗauki buta da gafaka da sanda suka ce za su je su sauke farali, in Allah ya yarda shekara biyar ko bakwai sun dawo. Da yawa sun dawo ɗin. Wasu kuwa hanya ta riƙe su, suka yi aure, suka hayayyafa. Wasu suka tsallake Bahar Maliya, wasu suka tsaya a bakinta suna hange, har aka wayi gari abin da ya rage nasu a gida shi ne sunan da ake raɗa wa jarirai.

Namu ƙanen kakana ne, wato baffan mahaifina, mahauci ɗan mahauci daga cikin birnin Kano. Shi ne ma sanadin zamanmu a Chadi. A 1973, shekarar da aka sauya wa Fort Lami suna ta koma Injamena, aka haɗa wa mahaifina guzuri aka ce ya bi sawun baffansa. Guzuri ya ƙare masa a nan, ya kama cinikin fatu da ƙiraga kafin ya tara na gaba, kasuwa ta karɓe shi, ya yi aure, aka haife mu. Wanda aka aika cigiya shi ma ya zauna, sai dai shi duk shekara yana leƙa gida.

Zan ba da labarin yadda muka samo zuriyar wannan bawan Allah bayan shekara 70 da tafiyarsa, don na san a cikin masu karanta wannan shafi akwai masu irin wannan ƙulli a zuci. Ba zan kama sunan kowa ba, a gaba za ku ga dalili.

Gida ne ya tashe mu

Gaskiya ba sha'awar tarihi ce ta tashe mu ba, gida ne. Gidan kakan mahaifina na cikin birni ya haura shekara 60 ba a raba shi ba. Soro ya tsage, azara ta ruɓe, ba mai son ya zuba kuɗinsa a ginin da bai san rabonsa ba, ga jikoki sun yi yawa, har an fara 'yar gaba tsakanin ɗaki da ɗaki. Duk lokacin da aka kira malami ya raba, tambayarsa ɗaya ce: ina wanda ya tafi?

A fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda ya ɓace ba a ɗaukarsa matacce don kawai an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. In wani nasa ya rasu, ware rabonsa ake yi a ajiye. Sai ya kai shekarun da galibi sa'o'insa ba sa wucewa, wanda malamai da yawa suka ƙiyasta da shekara 70 daga haihuwarsa, sannan alƙali ya yanke hukunci. Idan ba a samu wani labari ba, abin da aka ajiye ya koma wa sauran magada. Idan kuwa ta tabbata yana da rai ranar da mahaifinsa ya rasu, to rabon nasa ne, bayansa kuma na 'ya'yansa ne, ko a bangon duniya suke. Tsohon ya bar maza uku da mata biyu, matarsa ta riga shi, ka ga rabon wanda ya tafi rubu'in gida ne cif.

Wasu daga cikinmu suka ce ai shekarun sun daɗe da cika, a tafi kotu a gama. Goggona, yayar mahaifina, wadda ta haura 80, ita ta hana. Ta ce tun tana amarya wani alhaji da ya dawo ta ƙasa ya shaida wa mahaifinta cewa ya ga baffan da yaro a kafaɗa. “In kun raba bayan raina ku da Allah,” in ji ta, “amma ina numfashi ba za a ci haƙƙin marayu a gidan ubana ba.” Da yake ni ke zaune a bakin hanyar gabas, kuma ina jin Larabcin Chadi, sai aka ɗora mini.

Abin da ke bakin tsofaffi

Na fara da Goggo, kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki ina ba shi shawara ya fara da tsohuwar gidansu tun tana da ƙarfin magana. Maza sun san wa ya haifi wa. Mata su suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wane ne ya yi fushi ya bar gida da dalilin fushin. Kwana huɗu na yi ina zuwa ɗakinta bayan la'asar, na ajiye waya tana ɗaukar murya. Da farko ta ƙi. “Babana, kashe abin nan, ni ba rediyo ba ce.” (Sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa ba ta kama sunana.) Da hira ta yi daɗi ta manta da wayar.

Wannan alkunyar tamu ita ce tarnaƙi na farko. Goggo ba ta taɓa furta sunan yankan baffanta ba, da laƙabi kowa ya san shi. Mu kuwa Hausawa mutum ɗaya sai ya yi suna uku. Garba shi ne Abubakar, Sanda shi ne Umaru, Shehu shi ne Usman, Iro shi ne Ibrahim, ga su Ɗanladi da Ɗanjuma da Tanko da Gambo waɗanda ba su ne sunan da liman ya raɗa ba. Da mutum ya tsallaka iyaka sunan ya sake riga. Ma'aikacin Faransa zai rubuta Mahamane da Issoufou da Aboubacar, Balarabe kuwa zai mayar da Isiyaku Ishaƙ, Audu ya koma Abdullah, laƙabin gida ya faɗi a hanya. A Sudan ana sanin mutum ne da suna huɗu a jere: nasa, na ubansa, na kakansa, da na uban kakansa. Saboda haka kafin ka tambayi kowa, samo sunayen yanka na maza huɗu a jere ka rubuta su da boko da kuma Larabci. Namu sai wajen wani tsohon ladan na unguwa muka cike na huɗun.

Sai maganar shekara. Kada ka tambayi tsohuwa “a wace shekara?”, tambaye ta wa ke sarauta, me ya faru a garin. Goggo ta ce Sarki Alhaji na da rai baffan ya tafi, bai fi shekara biyu ba aka yi rasuwar Sarki. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu a ƙarshen 1953, ka ga tafiya ta kama wajen 1951. Kakanta kuwa, mai gidan, ya rasu shekara biyu bayan zuwan Sarauniyar Ingila, ita kuwa ta zo a farkon 1956. Kowane gari da irin nasa ma'auni. Bakatsine zai auna da zamanin Sarki Dikko, wanda ya rasu a 1944, na zangon Kumasi ko Ankara zai ce kafin korar baƙi ta Busiya ko bayanta, wato 1969, tsofaffin da suka gabata kuwa da yunwar Kakalaba ta 1914 suke lissafi.

A rana ta huɗu ta sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai rasiɗan haraji, da wani tsohon Alƙur'ani warwara wanda aka rubuta ranakun haihuwa a bayan bangonsa, da takarda guda an naɗe ta a ƙyalle kamar laya. Shekara da shekaru a matsayin laya ake ajiyarta. Ashe wasiƙa ce da ajami. Na kai wa wani malamin zaure ya karanta mini sau biyu ina rubutawa. Baffan ne yake wa yayansa ta'aziyyar mahaifinsu, yana cewa labarin ya iske shi a bakin wasu alhazai, yana neman gafara da bai samu jana'iza ba. A ƙasa an sa watan Rajab 1380. Ga wanda zai ci karo da shekarar Hijira a takarda, lissafin mai sauƙi ne: ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa ƙwarai. Tamu ta ba da ƙarshen 1960. Mutumin da ya rubuta ta'aziyyar ubansa ai ba sai an tambaya ko ya rayu bayansa ba. Maganar Goggo ta tabbata, rubu'in gida ba namu ba ne.

Layin ƙarshe na wasiƙar shi ya fi komai amfani. Ya ce in za a ba da amsa, a ba da ita a hannun wani mahauci Bahaɗeje a kasuwar Gadarif, wanda a gidansa yake zaune.

Hanyar da suka bi

Sai ka san hanyar sannan za ka san inda za ka tambaya. Daga Kano ana bi ta Maiduguri a shigo Fort Lami, a miƙa Abeshe, a tsallaka ta Adre zuwa Jinaina, sai Fashir, sai Al-Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Daga nan Kosti, Sinnar, Madani ko Hartum, a ƙarshe Suwakin ko Bur Sudan a bakin teku. Ba a yin ta a zama ɗaya. Mutum zai yi damina a nan ya yi noma, ya yi rani a can yana yankan farce ko ga-ruwa ko fawa, ya tara na mota ya ƙara gaba. Ko'ina ya sauka akwai nasa a gaba. Tun bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau sunansa yake amsawa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai aikin ƙodago ya samu, daga baya kuma ga manyan gonakin dawa da riɗi na Gadarif. Nan guzurin mutane da yawa ya zama jari, zango ya zama gida. Wani mai bincike, Bawa Yamba, ya yi littafi a 1995 kan Hausawan Sudan waɗanda kakanninsu ne suka baro gida, amma jikokin har lokacin suna kiran kansu alhazai a kan hanya.

Akwai abin da ya kamata mai cigiya ya sani don kada ya ga kamar ana ɓoye masa. Dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi a 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna ƙasar tun ƙarshen 1897. Wanda ya zo a 1952 ina zai samo wannan? Shi ya sa da yawa suka daina ambaton garin da suka fito a gaban hukuma, wasu suka gyara sunan kaka. An sassauta dokar daga baya, amma tsoron ya zauna a jini. Baƙo ya zo yana tambayar asalin mutum da biro a hannu, ba kowa zai sake da shi ba.

Na je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda aka jera fayilolin zamanin Turawa lardi-lardi, na Kano daban, na Sakkwato daban, na Borno daban. Akwai wasiƙun hukuma kan sha'anin alhazai, masu fasfo, da waɗanda guzuri ya yanke wa, da waɗanda suka rasu a hanya. Wanda nasa ya bi ta hannun hukuma yana iya dacewa a can, na Nijar kuma ya nufi irin wannan gida a Yamai. Namu ba ya ciki, don talakan da ya bi ayari da ƙafa bai tsaya yankar takarda ba, kuma irinsa su ne mafi yawa. Wanda kuma nasa soja ne da bai dawo daga Bama ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da shafi a intanet da ake neman suna kyauta. Sai dai a tuna sojan wancan zamani da sunan garinsa ake rubuta shi, Audu Kano, Musa Zariya, haka nan.

Baƙo ke tafiya, mai masauki na nan

Abin da ya yi mana aiki shi ne abin da kowane falke ya sani. In kana neman wanda ya sauka a gari shekarun baya, gidan mai masaukinsa za ka nema. Baƙo ya ƙara gaba, amma gidan da ke saukar baƙi ba ya tashi, kuma 'ya'yan gidan sun taso suna jin sunayen waɗanda suka kwana a zaurensu. Na biyu kuma sana'a. Bahaushe ya kan canja suna da harshe a baƙon wuri, amma da wuya ɗan mahauci ya koma saƙa. A Sudan kuwa naman da ake kira agashe, ɗan'uwan tsirenmu, sana'ar Hausawa ce da kowa ya san su da ita.

Don haka ban sa hoto a Facebook ba. Na je wajen Sarkin Fawan Hausawa na kasuwarmu na gaya masa sunan Bahaɗejen nan. Ya haɗa ni da wani direban babbar mota mai zuwa Abeshe, shi kuma ya san wani mai agashe a Jinaina wanda matarsa 'yar Gadarif ce. Na yi saƙon murya na minti biyu, da Hausa sannan da Larabci: sunaye huɗu, sana'a, unguwar da ya fito, shekarar da ya tafi, da sunan mai masauki. Ban ambaci gida ba, ban ambaci gado ba. Wannan a kiyaye shi. Saƙon ya yi ta yawo daga waya zuwa waya wata biyar, wannan a farkon 2022 ne, kafin yaƙi ya rufe hanyar.

Duk da ban ambaci gado ba, mutum biyu suka fito suka ce su ne. Ba abin mamaki ba ne, kowa ya ji ana cigiya daga Najeriya ya san da wata a ƙasa. Na farko ya iya zance, yana kuka a waya, kafin mako ya zagayo ya fara maganar kuɗin asibiti. Na biyu jikan mai masaukin ne ya kawo shi, dattijo mai kimanin shekara 65, ba ya son magana da yawa.

Goggo ta ce a bar ta da su. Aka haɗa ta da na farko, bayan gaisuwa ta ce, “Ɗan'uwana, tuna mini, a wane hannu ne wuƙa ta cire wa Baffa yatsa?” Ya yi jim, ya ce na hagu. Ta yi masa addu'a ta miƙo mini waya. Da aka kira na biyu ta yi masa tambayar nan, sai ya ce, “La, Yaya, yatsun Baba goma ne cif, ni na yi masa aski har ya tsallaka. Kunnensa na dama ne a tsage, ya ce sa ne ya ture shi a kan darni yana yaro.” Goggo ta saki carbi ta rufe fuska da mayafi. A gaban mahaifinta aka yi abin, kuma ya sha ba su labarin. Dattijon ya ƙara da cewa babbar yayarsu sunan kakarsu gare ta, kuma bai taɓa jin Baba ya kama sunan ba, Inna yake ce mata har ta yi aure.

Duk mai cigiya ya tanadi irin waɗannan tambayoyi biyu ko uku tun kafin ya fara, kuma kada ya sa amsarsu a cikin saƙon da zai watsa. Akwai masu cewa a yi gwajin ƙwayar halitta. Ni dai ban ga ya dace a fara da shi ba. Kamfanonin da ke yinsa suna gwada ka ne da waɗanda suka riga suka aika musu da nasu samfurin, mai agashe a Gadarif kuwa bai aika ba. Ban da haka, gwajin na iya tono abin da ba shi aka je nema ba, ya bar gida da rigimar da ta fi ta gado.

Tsallaken teku

Ashe rabin labarin muka samu. Baffan ya zauna Gadarif shekara goma sha, ya haifi maza biyu da mata biyu, sannan ya ce niyyar da ta fito da shi daga gida ba ta cika ba. Ya tafi bakin teku ya shiga sambuk, jirgin katakon da marasa takarda ke tsallakawa da shi da dare. Ya yi hajjinsa, ya ce bari ya ɗan tara na komawa, sai Makka ta riƙe shi kamar yadda Gadarif ta yi. Ya sake aure, ya haifi namiji ɗaya da mata biyu. Bai yar da na baya ba, yana aiko musu da kuɗi da kaset na muryarsa ta hannun alhazai, har ya rasu a 1412, wato wajen 1991.

Hausawa ba baƙi ba ne a Hijaz. Wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 2018 ya ga 'yan wasan Saudiyya uku masu amsa sunan Hausawi: Usama da Umar da Mu'utaz. Haka za ka ji Fallata da Barnawi. Amma wannan ba sunan gida ɗaya ba ne, sunan kabila ne, saboda haka buga “Hausawi” a intanet daidai yake da shiga Kurmi kana tambayar gidan Malam. Adireshin da ke bayan tsofaffin ambulan ma bai yi mana amfani ba, domin ɗan baffan ya koma Jidda, kuma unguwar da yake tana cikin tsofaffin unguwannin da aka rushe daga ƙarshen 2021 zuwa 2022. Lambar waya a wajen mata aka same ta. Ƙanwar dattijon nan ta Gadarif ashe ba ta taɓa yanke gaisuwar Sallah da 'yan'uwanta na Makka ba, mazan ne ba su sani ba.

Ga dalilin da ya sa ban kama suna ba. A cikin waɗanda aka haifa a can akwai mai takardar ɗan ƙasa, akwai mai iƙama, akwai kuma wanda a can aka haife shi, a can ya yi furfura, amma ba shi da ko ɗaya. Ka ɗauki sunansa da hotonsa da unguwarsa ka watsa a zauren WhatsApp mai mutum 500 don murna, ba ka san hannun da zai faɗa ba. Kafin ka sa hoton kowa, tambaye shi. Sannan mai cigiya ya shirya zuciyarsa, don ba kowane labari ne mai daɗi irin namu ba. Saudiyya ba ta soke bauta a hukumance ba sai 1962, kuma an yi zamanin da ake raba yaran matafiya da iyayensu a hanya a sayar. Wani kuma za ka same shi ya ce ba ya so a tayar da maganar. Haƙƙinsa ne.

Na sadu da na Makka da na je umara. Hausarsu ta tsofaffi ce, irin wadda rabona da ji tun rasuwar kakata, jikokin kuwa sai Larabci, in ban da “sannu” da “tuwo”. Na so su kai ni kabarinsa, suka kai ni maƙabartar muka tsaya daga gefe muka yi addu'a, don a can ba a rubuta suna a kan kabari. Suka ba ni kaset guda da ya ɗauka bai samu mai kaiwa ba. Na sa aka juye shi a waya na kai wa Goggo. Abin da ke ciki nasu ne, ita da shi.

Wanda nasa bai daɗe da ɓata ba, irin yaranmu da suka bi ta Agadas zuwa Libiya da niyyar tsallakawa Turai, hanyarsa daban ce, kada ya tsaya jiran direbobi. Ƙungiyar Red Cross, wadda ake kira Croix-Rouge a ƙasashen Faransanci, Hilal Ahmar a na Larabawa, tana da sashen sada iyalan da yaƙi ko hijira ta raba, kuma ba a biyan ko sisi. Suna da shafi mai suna Trace the Face, inda mai nema ke sa hoton kansa, ba na wanda ya ɓata ba, don in wancan ya gani ya gane nasa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya nuna maka ɗanka, ka je ofishinsu tukuna.

Rabon

An sayar da gidan, aka ware rubu'i. Kowane reshe ya rubuto takardar wakilci da shaidu, alƙali ya duba wasiƙar ajamin nan da shaidar mutane ya tabbatar. Kafin a kammala yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kuma da Madani ta faɗi a watan Disamba na shekarar, 'yan gudun hijira suka cika Gadarif. Dattijon nan da ke da ɗaki huɗu ya wayi gari da mutum sama da 30 a gidansa. Da na Makka suka ji, su ukun suka ce sun bar wa 'yan'uwansu nasu kason. Ta manhajar Bankak aka riƙa tura kuɗin kaɗan-kaɗan, ta hannun wani ɗan kasuwa da muka amince da shi, duk wanda ya shiga sai dattijon ya yi saƙon murya ya faɗi adadin a gaban shaidu biyu.

Saura mutum ɗaya. Babbar 'yar baffan, mai sunan kakarsu, aure ya kai ta wajen Damazin tun da daɗewa. Rikicin da aka yi da Hausawa a jihar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022 ya tashi ƙauyensu, daga nan wayarta ta daina shiga. Kasonta na nan a ajiye a hannun limamin unguwarmu ta Kano, an rubuta da shaidu uku. Mun kai sunanta Hilal Ahmar, mun kuma sake sabon saƙon murya, wannan karon da sunayen mijin huɗu da sana'arsa, shi masunci ne. Makon jiya wani mai agashe a Kasala ya aiko cewa ya san wasu masunta da suka taso daga wannan yankin, ya yi alkawarin zai tambaye su ranar Juma'a in an sauko daga masallaci.